Kasuwancin da ke ciyar da agaji: a duba mai shi, a duba lissafinsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan wani nau'in kasuwanci da yake ta yaɗuwa a duniya cikin 'yan shekarun nan, wanda kuma a ganina bai samu irin bin diddigin da ya kamace shi ba. Ina magana ne a kan kamfanonin da ake kafawa domin su sayar da kayan masarufi na yau da kullum, irin su sabulu da ruwan gora da takardar shiga bayi da ƙunzugun jarirai da takalma, sannan su ɗauki ribar da suka samu, dukkanta ko wani kaso daga cikinta, su zuba ta a ayyukan jin ƙai kamar haƙa rijiyoyi, gina makewayi, ciyar da waɗanda yunwa ta addaba da kula da mata masu juna biyu. Ina cikin masu goyon bayan wannan tsari, kuma goyon bayan ne ya sa nake so a riƙa yi masa tambayoyi masu tsauri. Rubutun da ke jikin kwali ba ya gaya wa mai saye ko kuɗinsa sun isa hannun mabuƙaci. Abin da ke gaya masa shi ne sanin wanda ya mallaki kamfanin, da yadda ake lissafin ribarsa, da wanda yake yanke shawarar abin da za a yi da ita.

Maganar ta zama ta gaggawa ne saboda halin da asusun agaji na duniya ya shiga. A ƙarshen 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi kimanin dala biliyan 47 domin ayyukan agajin gaggawa na shekarar 2025, alhali a shekarun da suka gabaci wannan da ƙyar ake samun rabin abin da ake nema. Shekarar ba ta yi nisa ba gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji ga ƙasashen waje, wato USAID, Birtaniya kuma ta sanar da cewa za ta rage kason da take warewa agaji daga kashi 0.5 zuwa kashi 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa, har ta kai a watan Yuni ofishin da ke tsara ayyukan jin ƙai na Majalisar ya taƙaita buƙatarsa zuwa dala biliyan 29, ya zaɓi waɗanda suka fi kusa da halaka ya bar sauran. Buƙatar kuwa ba ta ragu ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na shekarar 2022 sun nuna cewa mutum biliyan 2.2 ba su da ingantaccen ruwan sha, mutum biliyan 3.5 ba su da ingantaccen makewayi, sama da miliyan 400 kuma a fili suke bahaya. A irin wannan yanayi duk wata ƙofa da kuɗi za su shigo ta cikinta abar dubawa ce da idon basira.

Ƙarfin wannan tsari yana cikin wani abu mai sauƙin ganewa. Mai ba da gudummawa yakan bayar ne a lokacin da zuciyarsa ta motsa, wato sa'ad da hotunan ambaliya ko girgizar ƙasa suka cika talabijin da wayoyi, idan kuma 'yan jarida suka tattara kayansu suka koma wani wajen sai hannu ya daina zuwa aljihu. Shi kuwa sabulu ƙarewa yake yi, ko an ji labarin bala'i ko ba a ji ba, kuma dole a koma kanti a sayo wani. Wanda ya ɗaura asusun agaji a jikin irin wannan buƙata ya samar masa da kuɗin da ke shigowa wata bayan wata, ba tare da roƙo ba, ba tare kuma da jiran majalisar wata ƙasa ta amince da kasafi ba. A 1982 ɗan wasan fim na Amurka Paul Newman da abokinsa marubuci A. E. Hotchner suka fara sayar da mahaɗin salak da sunan Newman's Own, suka ce duk ribar da ta rage bayan haraji ta mabuƙata ce, kuma daga lokacin zuwa yau kamfanin ya bayar da sama da dala miliyan 600. A 2012 wasu samari uku a Ostireliya suka kafa kamfanin takardar shiga bayi mai suna Who Gives A Crap, ɗayansu, Simon Griffiths, ya zauna a kan masai a gaban kyamarar intanet tsawon awa 50 har sai da jama'a suka yi odar kayan dala 50,000 da za su zama jarin farko. Rabin ribarsu suke bayarwa domin gina makewayi da samar da ruwa, kuma a 2020, lokacin da tsoron annobar korona ya sa mutane suka wawashe takardar shiga bayi a kantuna, gudummawarsu ta shekara guda ta haura dalar Ostireliya miliyan 5. Wannan ba abin rainawa ba ne, kuma duk mai son ya yi suka ya kamata ya fara da amincewa da shi.

Sai dai a tsaya a gaban kantar kanti a ɗauko kwalbar sabulun wanke hannu a juya bayanta a karanta. A jikin wata za a ga an rubuta cewa dukkan riba ta agaji ce, a jikin wata rabin riba, a jikin wata kuma an ce wani kaso na kuɗin wannan kaya zai tafi ga mabuƙata, ga hoton yarinya tana dariya a bakin famfo. Mai saye yana sauri, yaro yana jan rigarsa, a idonsa duka ukun magana ɗaya ce. A gaskiya kuwa tazarar da ke tsakaninsu mai faɗi ce ƙwarai. Riba ita ce abin da ya rage bayan kowa ya ɗauki nasa. Mu ɗauka, don misali kawai, an sayar da sabulun a kan kuɗi ɗari: mai kanti zai cire kasonsa, wanda yakan zama mai tsoka, sannan ga masana'antar da ta haɗa sabulun, ga mai kwalba da mai kwali, ga mai mota da mai ɗakin ajiya, ga masu talla, ga albashin ma'aikata, ga ruwan bashi idan an ci bashi, ga haraji. Abin da zai rage wataƙila biyar ne, wataƙila biyu, wata shekarar ma babu ko sisi. Kamfani zai iya yin alkawarin bayar da dukkan ribarsa, ya cika alkawarin ba tare da ya yi ƙarya ba, amma ya bayar da abin da bai taka kara ya karya ba, domin shugabanninsa ne suke yanke yawan albashinsu da yawan abin da za a mayar cikin jari kafin a kira sauran da sunan riba. Ba ina zargin kowa da wannan ba ne. Ina nuna cewa alkawarin dukkan riba ba shi da nauyi har sai an ɗora shi a kan rahoton kuɗi da mai binciken kuɗi mai zaman kansa ya sa wa hannu.

Ɗaya salon shi ne a ƙayyade kuɗi a kan kowane kaya da aka sayar. Kamfanin Starbucks ya sayi ruwan gora na Ethos a 2005, yana ware senti 5 a kan kowace gora domin ayyukan ruwa, alhali ana sayar da gorar kusan dala 2, wato abin da ke zuwa agaji bai kai kashi 3 cikin 100 na abin da mai saye ya biya ba. Kason kaɗan ne, amma yana da wata falala guda: an faɗi adadin, kowa zai iya lissafawa ya yanke wa kansa hukunci. Wanda ya fi damuna shi ne mai cewa wani kaso, domin wannan lafazi ba ya ɗaure kowa da komai. Yana da kyau kuma a tuna inda wannan salo ya samo asali. A 1983 kamfanin American Express ya yi alkawarin senti 1 a duk lokacin da aka yi amfani da katinsa domin gyaran mutum-mutumin 'yanci da ke New York, aka tara kusan dala miliyan 1.7, amfani da katin kuma ya ƙaru da kimanin kashi 28 cikin 100. Tun daga ranar 'yan kasuwa suka gane cewa tausayi yana sayar da haja. Saboda haka akwai bambanci tsakanin kamfanin da aka kafa domin agaji yana ciniki don ya samu abin bayarwa, da kamfanin da aka kafa domin riba yana ɗan bayarwa don cinikinsa ya ƙaru. Na biyun ba haramun ba ne, har ma yakan yi amfani, amma bai kamata ya ari rigar na farko ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin shi ne ƙashin bayan maganar, wato mallaka. Labarin kamfanin takalma na TOMS darasi ne da ya isa a yi nazarinsa. Blake Mycoskie ya kafa shi a 2006 bayan wata tafiya da ya yi zuwa Ajantina, bisa alkawarin cewa duk wanda ya sayi takalmi ƙafa ɗaya za a ba wani yaro marar takalmi ƙafa ɗaya. Tsarin ya burge duniya, an raba takalma kusan ƙafa miliyan 100, kamfanoni da yawa suka kwaikwaya. Amma kamfanin mallakar mutum ne kamar kowane kamfani. A 2014 aka sayar da rabinsa ga kamfanin zuba jari na Bain Capital, aka ɗora masa bashin kimanin dala miliyan 300, ciniki ya ja baya, a 2019 aka jingine alkawarin ɗaya-da-ɗaya aka koma bayar da kashi ɗaya cikin uku na riba, kafin shekarar ta ƙare kuma masu bin bashi suka karɓe kamfanin. Ba lallai ne a ce wani ya ci amana ba. Abin da ya faru shi ne alkawarin yana rataye ne a kan niyyar mai kamfani, ita kuwa niyya ba a sayar da ita tare da hannun jari, kuma mai bin bashi ba ya jiran yaron da ba shi da takalmi.

A kwatanta wannan da Newman's Own. Da Paul Newman ya rasu a 2008, kamfanin ya koma hannun gidauniyar da ke ɗauke da sunansa, babu magaji ko mai hannun jari da ke jiran rabo. Har ma wata dokar haraji ta Amurka ta 1969, wadda ta hana gidauniya riƙe kaso mai yawa na kamfanin kasuwanci, ta kusa tilasta a sayar da shi, sai a 2018 majalisar dokokin ƙasar ta yi gyara ta halatta irin wannan mallaka bisa sharaɗin cewa gidauniyar ce ke da kamfanin gaba ɗaya kuma ribar tana komawa gare ta. Haka kamfanin Thankyou na Ostireliya, wanda Daniel Flynn da Justine Flynn da Jarryd Burns suka kafa a 2008 suna matasa, mai shi guda ɗaya ne, wato asusun amana na sadaka da aka kafa domin hakan. Birtaniya kuma tun 2005 ta samar da wani nau'in rajista na kamfanin amfanin al'umma, wanda doka ta kulle kadarorinsa yadda ba za a raba su ga masu shi a bar manufar da aka kafa shi dominta ba. Duk wanda ya san hukuncin wakafi zai gane hikimar nan take: a tsare asalin dukiya, ba sayarwa ba gado ba kyauta, a bar amfaninta yana gudana zuwa ga waɗanda aka ambata. Kamfanin da aka ɗaure ta wannan hanya zai iya karyewa kamar kowane kasuwanci, amma ba za a wayi gari a tarar an sayar da alkawarinsa ba.

Adalci ne a faɗi tsadar wannan hanya. Kamfanin da ba ya raba riba ba ya jan hankalin masu zuba jari, ga shi kuma yana gogayya a kanta ɗaya da manyan kamfanoni irin su Unilever da Procter & Gamble, waɗanda abin da suke kashewa a talla kawai ya ninka cinikinsa sau da yawa. Samun wuri a kantar manyan kantuna ma yaƙi ne: a 2013 sai da Thankyou ya tara jama'a a kafofin sada zumunta, ya kuma sa jirage masu saukar ungulu suka yi shawagi da tutoci a saman hedikwatar Coles da Woolworths, kafin kantunan biyu su yarda su karɓi kayansa. Shi ya sa wasu suka zaɓi raba ribar gida biyu, rabi na agaji rabi na masu jari, suna cewa rabin babbar riba ya fi dukkan ƙaramar riba. Hujja ce mai ƙarfi, kuma ba na ƙin ta, matuƙar an rubuta kason a cikin takardun kafa kamfanin ta yadda sabon mai shi ba zai goge shi cikin dare ɗaya ba.

Bayan kuɗin sun fita daga kamfani, sai tambayar me aka yi da su, kuma a nan ne aka fi yin kuskure da kyakkyawar niyya. Abin da ke sayar da kaya shi ne labari gajere mai shiga zuciya: ka saya ɗaya, a ba wani ɗaya. Abin da mabuƙaci yake buƙata kuwa sau da yawa ba shi da irin wannan daɗin faɗi. Kamfanin TOMS, abin a yaba masa, ya yarda masana tattalin arziki ƙarƙashin Bruce Wydick na Jami'ar San Francisco suka binciki rabon takalmansa a ƙasar El Salbado. Sun gano cewa yaran suna son takalman kuma suna sa su, amma babu wani sauyi na a zo a gani a lafiyar ƙafafunsu ko yawan masu yawo ba takalmi, domin akasarinsu dama suna da wani takalmin, sannan waɗanda aka ba sun fi sauran yara cewa wasu ne daga waje ya kamata su biya wa iyalinsu buƙata. Akwai kuma illar da kayan kyauta ko masu arha daga waje suke yi wa masu sana'a na gida. Wani masani mai suna Garth Frazer ya wallafa bincike a 2008 inda ya danganta kusan kashi 40 cikin 100 na durƙushewar sana'ar ɗinka tufafi a Afirka tsakanin 1981 da 2000 ga shigowar gwanjo. Kyautar da ta sa mai ɗinki ya rufe shagonsa ta ƙara yawan masu jiran kyauta.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na famfon PlayPump. An ƙera shi a Afirka ta Kudu kamar lilon da yara ke hawa suna juyawa, juyawar tasu kuma tana jawo ruwa daga ƙasa zuwa tankin da ke sama. Hoton yara suna wasa ruwa yana zuba ya sace zukatan masu bayarwa, a 2006 gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi suka yi alkawarin dala miliyan 16.4, kamfanin ruwan gora na One Water a Birtaniya ma yana cikin waɗanda suka zuba ribarsu a aikin. A ƙauyuka kuwa abin da aka riƙa gani daban ne. Yara sukan gaji, kuma ba sa wasa da asuba lokacin da ake buƙatar ruwa, sai ya zama mata, har da tsofaffi da masu ciki, su ne suke dafa ƙarfen suna turawa suna zagayawa, bokitai jere suna jira. A wasu wurare a Mozambik an cire famfon tuƙa-tuƙa mai aiki aka kafa wannan ba tare da an tambayi mutanen gari ba, da ya lalace kuma babu makanikin da ya san shi a kusa, babu kayan gyara. Jaridar Guardian ta lissafa a 2009 cewa sai yara sun yi wasa awa 27 a rana kafin a cimma adadin mutanen da aka ce famfunan za su wadatar. A 2010 ƙungiyar da ke tallata shi a Amurka ta naɗe tabarmarta. An zaɓi famfon ne saboda ya yi kyau a idon mai saye da ke nesa, ba a tambayi macen da za ta ɗebi ruwan ba.

Darasin da na ɗauka shi ne cewa iya sayar da sabulu daban, iya haƙa rijiyar da za ta shekara goma tana ba da ruwa daban. Kamfanonin da suka fi dacewa su ne waɗanda suka san iyakarsu, suka miƙa kuɗin ga waɗanda suka ƙware. Kamfanin ruwa na Belu a Birtaniya tun 2011 yake miƙa dukkan ribarsa ga ƙungiyar agajin samar da ruwa ta WaterAid, kuma abin da ya bayar ya haura fam miliyan 5. Har ma a nan akwai tarko. Mai saye yana son a ce masa kuɗinsa ne suka gina wannan rijiya a wannan ƙauye, wasu kamfanonin ma sun riƙa buga lamba a jikin kaya domin ya shiga intanet ya ga aikin a taswira. Niyyar gaskiya ce, amma tana tura ƙungiyoyin agaji ga abin da ake iya ɗauka a hoto, wato sabon gini, ta bar abin da ba ya hotuwa: albashin mai gyaran famfo, man babur ɗin ma'aikaciyar lafiya, horar da kwamitin da zai kula da rijiya, da ajiyar da za a ɗauka a ranar da bala'i ya faɗo ba zato. Kuɗin da suka zo daga ciniki su ne suka fi cancantar a sake su ba tare da sharaɗi ba, domin ba su da wata gwamnati a bayansu da ke neman biyan buƙatar siyasa, kuma asara ce a mayar da su masu sharaɗi saboda talla.

Ita kanta hajar abar tambaya ce. Akwai wani saɓani a cikin sayar da ruwa a gorar roba, a ƙasashen da ruwan famfo ke da tsafta, domin a samar wa wasu ruwa. A 2015 an bankaɗo cewa ana ɗibar wani ɓangare na ruwan Ethos a jihar Kalifoniya a tsakiyar fari mai tsanani, har kamfanin ya sanar da ɗauke aikin daga jihar. Thankyou kuwa, wanda da ruwan gora ya fara kuma da shi aka san shi, ya daina sayar da shi a 2020 saboda illar roba ga muhalli. Na girmama wannan mataki, domin ba ƙaramin abu ba ne ɗan kasuwa ya saki hajar da ta yi masa suna. Haka kuma a tambayi inda ake haɗa kayan da wanda ake ɗauka aiki. Masanin tattalin arziki Muhammad Yunus da kamfanin abinci na Danone sun gwada wata hanya a Bangaladash tun 2006, inda suka kafa ƙaramar masana'antar kindirmo mai ƙarin sinadaran gina jiki, suna sayen madara daga ƙananan makiyaya, mata kuma suna bi gida-gida suna sayarwa. Kasuwancin ya sha wahala, amma ya nuna cewa mabuƙaci zai iya zama mai kawo kaya da ma'aikaci da mai saye, ba hoto a jikin kwali kawai ba.

Maganar hoto ma tana buƙatar a tsaya a kanta. Yaron da aka ɗauki fuskarsa aka manna a jikin miliyoyin kwalabe ya yi wa kamfanin aiki, domin fuskarsa ce ta sa mai saye ya bar wancan sabulu ya ɗauki wannan. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya yi ciniki da talaucin mutane ya ɗauki bashinsu, kuma mafi ƙarancin biya shi ne ya nemi izininsu, ya nuna su cikin mutunci, ya kuma bayyana a fili nawa ne ya kai gare su.

Mu masu saye ma akwai abin da ya shafe mu. Farfesa Aradhna Krishna ta Jami'ar Michigan ta wallafa bincike a 2011 wanda ya nuna cewa mutanen da suka sayi kayan da aka liƙa wa agaji sukan rage abin da suke bayarwa kai tsaye, ko da kayan ba su fi sauran tsada ba, domin zuciya takan ɗauka an riga an sauke nauyi. Wannan abin tsoro ne, saboda idan mutum ya sayi gorar da senti 5 nata ne ke zuwa agaji, sannan ya fasa bayar da dala 5 da ya yi niyya, mabuƙaci ya yi asara mai yawa a cinikin da aka yi da sunansa. Sayen sabulu ciniki ne, ka biya ka karɓi kayanka. Idan kayan suna da kyau kuma farashinsu ya yi daidai, zaɓen na kamfanin da ke taimakon mutane abu ne mai kyau da ya kamata a ƙarfafa, amma ba ya ɗauke wa kowa sadaka ko zakka ko haƙƙin maƙwabci. Haka kuma ba ya ɗauke wa gwamnatoci nasu nauyin. Duk abin da Newman's Own ya bayar cikin shekaru sama da 40 bai kai kashi 2 cikin 100 na abin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta nema domin shekarar 2025 kaɗai ba. Ruwan sha na birane da asibitoci da ciyar da miliyoyin 'yan gudun hijira aikin haraji da kasafin ƙasashe ne, kuma zai zama babban zalunci a bar masu mulki su fake da kantar kanti.

Saboda haka, Malam Edita, roƙona ga wannan jarida da takwarorinta shi ne, duk ranar da irin wannan kamfani ya aiko da sanarwa ko ya gayyaci wakilinku bikin ƙaddamar da kaya, kada a tsaya ga hoton miƙa cek. A tambaye shi nawa ya yi ciniki bara kuma nawa ya bayar daga ciki, wace ƙungiya ce ta karɓa kuma ko ita ma ta tabbatar da adadin, wa ya binciki littattafansa, su wa ke riƙe da hannun jarinsa, kuma me takardunsa suka ce zai faru da alkawarin idan aka sayar da kamfanin ko mai shi ya rasu. Kamfanin kirki zai yi murna da waɗannan tambayoyi, domin su ne za su raba shi da masu fakewa da sunansa. Ga masu yin doka kuma akwai abin koyi a gabansu: a Ingila da Wales dokar ƙungiyoyin sadaka ta 1992 ta wajabta wa duk ɗan kasuwar da ya ce wani ɓangare na kuɗin kayansa zai tafi ga wata ƙungiyar sadaka ya yi yarjejeniya da ita a rubuce, ya kuma bayyana wa mai saye adadin da zai tafi, jihohi da dama a Amurka ma suna da makamancin wannan. Ina kira ga hukumomin kare haƙƙin masu saye a duk inda ake sayar da irin waɗannan kaya su ɗauki wannan ƙa'ida, su sa a rubuta adadin da sunan mai karɓa a jikin kayan, da harafin da ido zai iya karantawa.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani mai karanta wannan jarida